Wanda Saniyarsa Ta Mutu

A gidanmu na Ƙofar Ran, da an sauke tukunyar tuwo sai mu kewaye murhun Dada, kakarmu. Habibu, ɗan ƙanin babana, shi ne kullum a jikinta, shi take kankare wa ƙanzo. Ni kuwa ina can gefen da hayaƙi ke bi, ina hararar sa.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji Dada. Wani attajiri ne zai yi doguwar tafiya, yana neman wanda zai bar wa garkensa. Mutum biyu suka zo. Na farko ya daɗe yana yi wa manya kiwo. Na biyu saniya ɗaya tak ya taɓa mallaka, ita ma ta mutu da rani. Sai attajirin ya miƙa wa na biyun sanda.

Na ce, "Dada, ai an cuci na farkon!"

Ta ce, "Kai dai Nasiru. Wancan in saniya ta ƙi cin ciyawa, kwanciyarsa yake yi, da safe ya gaya wa mai ita. Wannan kuwa barci ba ya ɗaukarsa."

Mun girma. Na ƙare ƙuruciyata a wani kamfanin sarrafa shinkafa har na kai mataimakin shugaba. Habibu kuwa nasa ƙaramin injin ya kafa a bayan kasuwar Muda Lawal, ya durƙushe, ya sake tashi. Bara da kujerar shugaba ta zama babu kowa, har sabuwar babbar riga na ɗinka. Sai masu kamfanin suka ɗauko Habibu.

Na sami babbansu na tambaye shi laifina.

"Ba ka da laifi, Malam Nasiru," in ji shi. "Amma shi ya taɓa sallamar ma'aikatansa yana kallon idonsu. Ya san zafin abin."

Da damina rufin sito ya fara yoyo daf da tashi aiki. Na ce a kira kafinta gobe, na ɗauki makullin motata. Ina fitowa na hango Habibu ya tuɓe riga, yana jan buhuna cikin ruwa.

"Yaya, kama min nan!"

Na kama. Muka yi ta ja tare. Na san Dada ta faɗi gaskiya. Amma har yau, in na wuce ƙofar ofishinsa, kawar da kai nake yi.