Rabi da Kwanukan Ƙauyenmu

Bana shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran Rabi, amma har yau in na ga an fita da kwanon tuwo zuwa maƙwabta sai ta faɗo mini a rai.

Daga jami'a ta zo ƙauyenmu, nan gefen Tsanyawa, tana nazarin zamantakewar mata. Mai unguwa ya sauke ta a gidana, tunda mijina ya rasu kuma ina koyarwa a firamare, wai ni ce zan gane mata. Ban kuwa gane mata ba. Na zaci tambayoyi za ta yi ta yi, sai na ga mace ta baje a tsakar gidan mutane tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Rabi, wannan zaman aka turo ki yi?" Ta yi dariya ta ce abin da mutum ke faɗa daban, abin da yake yi daban, ita na biyun ta zo gani.

Da farko mata sun yi ta dafa mata shinkafa, ana ɗauko tabarmar baƙi. Ta yi ta haƙuri har ranar da wata tsohuwa ta miƙo mata ɗumame, ta ce in ta gama ta zo ta kama surfe. Ta dawo tana murna kamar an ba ta kujerar Makka, ta ce yau aikinta ya fara.

Kwanuka ta fi bi da ido: wane gida ke aika wa wanne, wa ya mayar da kwano da ɗan tukwici, wa ya mayar da shi haka nan. Da wannan take sanin inda aka ɓata da inda aka shirya tun maganar ba ta fito ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na shaƙu da ita ƙwarai, ɗaki ɗaya muke kwana, amma kullum ina tambayar kaina: ni ƙawarta ce, ko ni ma kallona ake yi?

Wata damina hatsina ya ƙare tun gero bai nuna ba. Kwanona ya daina fita, ban gaya wa kowa ba. Rabi ta sha faɗa mini cewa a aikinsu mai lura ba ya sa hannu a abin da yake kallo. Ranar kasuwar Ɗanbatta sai ga ta da buhun gero. Ta tuƙa tuwo, ta zuba a kwanona, ta kai maƙwabta da kanta ta ce, "In ji Asabe," wato ni.

Kunya da ɓacin rai suka kama ni. Na ce, "Wannan ma rubutawa za ki yi?"

Ta ce, "Yaya Asabe, kowa na rubuta. Ke ce na kasa."

Yanzu a leda ake aika abinci, babu abin da zai dawo, gaisuwa kuma a waya. Ɗaliban da ke zuwa bincike kafin la'asar sun gama tambayoyi sun hau mota. Ban jin Rabi za ta yi musu faɗa. Ina ganin tabarma za ta shimfiɗa ta zauna ta ga me ya maye gurbin kwano, don ba ta taɓa yarda cewa zumunci yana ƙarewa ba.

An ce littafinta yana can jami'a, ban taɓa buɗe shi ba. Kwanon dai yana wurina, ya lotse, kuma duk Juma'a yana fita. Amaren unguwa kan tambaye ni daga wa. Sai in ce, in ji Rabi. Allah Ya jiƙanta.