Minti Biyar na Baba Eriya

Baba Eriya ake ce masa, don ko ɗaurin aure zai je da guntun waya a aljihu. Gyaran rediyo ne sana'arsa, a shagon da in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Da ya ga manyan gidajen rediyo ko ƙofa ba sa buɗe wa 'yan unguwa, sai ya harhaɗa tarkace ya yi tasa tashar. Layi shida kacal take kaiwa. Dokarsa ɗaya ce: kowa minti biyar, ko kai wane ne. Ya ɗauki muryarka a kaset, ya sa da yamma, gobe ya ɗauki wani a kai.

Kaset ɗaya ne ba ya taɓawa. A ƙarshensa akwai muryar matarsa, ranar da ta zo ta ce ita ma a ba ta haƙƙinta.

"Jama'a, ƙarar maigidana na kawo," ta ce. "Ya gyara rediyon kowa, nawa shekara biyu yana kan kanta!" Sai dariya. Damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa. Tun daga nan kaset ɗin yake aljihun gabansa.

Shi ya sa ranar da jami'ai suka kwashe kayan tashar, wai babu lasisi, kaset ɗin kaɗai ya tsira, sai tsohuwar rakoda.

Washegari matan unguwa suka cika ƙofar shagon. Za a rufe asibitinsu, kuma an ce kwamitin da zai yanke hukunci ba zai ga kowa ba, amma zai saurari kaset.

"Baba, kai ne gatanmu," in ji wata ungozoma a cikinsu.

Kaset ɗin na awa ɗaya ne. Ya ƙirga su, sha ɗaya. Alhamdulillahi, minti biyar ɗin matarsa zai tsira. Ya danna jan maɓalli.

Ta sha ɗaya na rufe baki, sai ga wata tsohuwa tana dogara sanda, da hoton jikarta a hannu.

"Ɗana, na makara ko?"

Wallahi ransa ya so ya ce e. Ya dubi rediyon matarsa da ke kan kantar shagon har yanzu, ƙura ta rufe shi. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

"Ba ki makara ba, Inna," ya ce. "Matso kusa. Kowa minti biyar."