Kunama a Kwamitin Jirgi

A layinmu ba mai kiranta da sunan yanka. Kunama ake ce mata, ta sani, ba ta taɓa hanawa ba. Injin niƙa gare ta a wani ɗaki mai rufin kwano da ke kallon bakin kasuwa. Mijinta ne ya rasu ya bar mata shi da bel a tsinke, ta ɗinke abinta ta ci gaba. Kullum fara fat take da gari har gira, tana magana da ƙarfi ko injin a kashe yake. In ka kawo hatsi da tsakuwa, sai ta tambaye ka ko gidanku ba faifai.

Da maganar jirgin ƙasa ta zo, injiniyoyi suka ce hanya biyu ce a gabansu. Ɗaya ta ratsa bakin kasuwa ta kwashe layinmu kaf, ɗaya ta zagaya ta fadama ta bi gonaki. Aka ce kowane ɓangare ya tura wakili kwamiti. Mazan layinmu suka yi ta noƙewa, har tela ya ce a tura Kunama, tunda dama kyauta take harbi.

Wakilin fadama kuwa ƙanenta ne, ciki ɗaya, manomi marar yawan magana, wanda ita ta goya shi.

A wani aji na firamare aka zauna, manya a kan bencin yara, taswira manne a allo. Injiniya ya bayyana cewa ta kasuwa ta fi gajarta, ta fadama kuma sai an yi ciko, amma duk wanda abin ya shafa za a biya shi diyya. Kunama ta miƙe ta tambaye shi ko diyya tana sayen masu ciniki. Ta bi layin shago-shago da baki, daga wanzami zuwa mai faci, har famfon da rabin unguwa ke sha, ta ce wanda zai rushe su ya fara da ita.

Ƙanen ya tashi a hankali. Ya ce cikon zai raba gonaki da rafi, ya tare ruwan damina, shanu kuma su rasa mashiga. Maganarsa ta fara shiga mutane, har injiniya yana gyaɗa kai. Nan Kunama ta katse shi, ta ce wanda ya yi fitsarin kwance har ya girma ai dole ya ji tsoron ruwa. Aji ya kwashe da dariya.

Ya jira suka gama, sannan ya ce, “Yaya, hatsin da kike niƙawa, a kan kwalta yake tsirowa?”

“Ko a kanka yake tsirowa, ba za a taɓa mini ɗaki ba.”

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Bayan wasu watanni aka zaɓi hanyar fadama. Injiniya ya ce rushe shaguna ya fi ciko tsada, shi ke nan dalili, amma Kunama ta ce bakinta ne, kowa kuma ya yarda. Daminar farko ruwa ya kwanta a gonar ƙanen, shukar ta ruɓe tun ba ta kai gwiwa ba. Ya koma dakon buhu a tasha. Mutanen fadama suka ɗauke ƙafa daga injinta, gara su yi doguwar tafiya zuwa wani. Mu ɗin ma da ta tsare wa shaguna ba mu gode ba. Telan da ya tura ta shi ya fara cewa wadda ta tozarta ɗan'uwanta a gaban jama'a ba abar yarda ba ce.

Yanzu injin yakan wuni shiru, ita tana zaune a ƙofa tana zagin yara masu ƙwallo. Da ƙanen zai aurar da 'yarsa, ba a gaya mata ba. Duk da haka ta niƙa buhun gari ta aika a baro. Kafin la'asar aka dawo da shi, ɗaurin bakinsa ma ba a kwance ba. Ta ja shi ciki, washegari ta auna ta sayar.