Mai Rufa-Idon da Aka Ari Hannunsa

Tun yana saurayi ake kiransa Shiru-Shiru, domin mutum ne da ba ya buɗe baki sai dole. Sana'arsa rufa-ido. Yana da wata baƙar jaka mai ɗinkakken hannu, a cikinta akwai karta, igiya, zobba, da ƙananan kofunan ƙarfe da ƙwallayensu. Da jakar nan ya riƙe gida, ya sa yara a makaranta, har autarsu ta gama ta kama aiki a kantin magani. Wuraren wasansa ba su wuce bikin rufe makaranta, ko walimar ma'aikatan wani kamfani, ko falon masu hali ranar murnar haihuwar ɗansu ba, inda yara ke zaune a ƙasa baki buɗe, iyaye kuma suna baya suna danna waya.

Duk wanda ya san harkar ya san hannunsa. Zai sa maka zobe a tafi, ka damƙe da kanka, ka buɗe ka tarar da maɓallin rigarka. Amma in taro ya watse, sai ka ji ana cewa wani mutum ya yi abin mamaki ɗazu, ba a tuna ko sunansa.

Wanda kowa ya sani shi ne Walƙiya, wanda hotonsa ke jikin motocin haya. Tare suka koyi sana'ar a wurin wani tsoho, kuma tsohon yakan ce hannun Walƙiya na mai faskare ne. Sai dai Allah ya ba shi baki. Ya taɓa sakin ƙwai a gaban jama'a ya fashe a kan takalminsa, sai ya sunkuya ya ce wa ƙwan ai ba haka suka yi da shi ba. Mutane suka yi ta dariya har da hawaye, suka koma gida da sunansa a baki. Ranar da wani mai shirya wasannin talabijin ya leƙa otal ɗin da suke wasa su biyu, Shiru-Shiru yana asibiti, matarsa na naƙudar Auta. Walƙiya ya hau dandamali shi kaɗai, daga nan kuma tauraruwarsa ta fito.

Shiru-Shiru ya sha juya wannan rana a ransa. Wani lokaci ya ce sa'a ce kawai. Wani lokaci kuma ya yarda cewa ko da yana wurin, kansa zai sunkuyar yana kallon yatsunsa, baƙon ya kalle shi ya wuce.

Abin da ya fi damunsa a bana ba suna ba ne. Babban yatsansa na hagu ya fara ƙagewa da safe. Sai ya tsoma hannun a ruwan ɗumi ya daɗe yana murzawa kafin ya saki. Bai gaya wa kowa ba. Matarsa, wadda tela ce kuma ita ke ɗinka masa ɓoyayyun aljihunan kwat ɗinsa, tana ganinsa daga kan kekenta, ta yi kamar zare take nema. In ya tsaya gaban madubi yana gwaji, gabansa faɗuwa yake yi duk lokacin da ƙwallo za ta bi ta wannan yatsan. Mai rufa-ido da hannunsa ya mutu, me zai koma yi a wannan shekaru?

Ana cikin haka wata ranar Asabar da hantsi motar Walƙiya ta tsaya a ƙofar gidan, yaran layi suka yanyame ta. Ya shigo da fara'arsa, ya tsokani matar gidan cewa har yanzu ba ta ɗinka masa rigar da ta yi alkawari tun suna samari ba, sannan ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi. Masu shirin sun gaji da manyan akwatuna da hayaƙi, yanzu ƙananan abubuwa suke so, kyamara ta matso dab da hannu. Ya gwada, kyamarar ta tona masa asiri tun a karon farko.

"Yaya, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Fuskata za a nuna, hannunka za a ɗauka. Sunanka ba zai fito ba. In ka ce a'a, ba zan ga laifinka ba."

Shiru-Shiru ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Auta da ta ji labari ta ce raini ne, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Uwarta ta ce ta yi wa mutane shiru, ba ita ke da hannun ba. Shi kuwa ba rainin ne ya hana shi sukuni ba. Tsoronsa kada yatsan ya ci amanarsa a gaban kyamarar da ba ta ƙiftawa. Duk da haka ya aika cewa zai zo.

Ɗakin ɗaukar ba shi da taga, fitilu sun yi masa rumfa, wayoyi shimfiɗe a ƙasa kamar macizai. Aka sa masa kwat mai ƙyalli irin ta Walƙiya, aka shafa wa hannuwansa hoda, aka zura masa agogon Walƙiya. Darakta, wata matashiya mai saurin magana, ta nuna masa tebur mai baƙin ƙyalle ta ce kada hannun ya fita daga nan zuwa nan. Na'urar sanyaya ɗaki tana busowa daidai kansa. Tun kafin a fara ya ji yatsan yana ɗaurewa.

Ya ɗauki kofi na farko, ƙwallon ta kusa suɓucewa. Ya ce a dakata. Ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Darakta ta dubi agogon bango, ta dubi Walƙiya.

Walƙiya ya ɗaga kai ya dubi na'urar sanyin. Sai ya hau faɗa cewa sanyin nan zai kashe masa murya, a kashe na'urar ko ya tafi gida. Da aka kashe, ya sa aka kawo shayi mai zafi, ya danƙa wa Shiru-Shiru kofin a hannun hagu, ya juya yana ba masu kyamara labarin ranar da tattabararsa ta gudu ta sauka a kan hular wani babban baƙo. Kafin a gama dariya yatsan ya saki. Aka ɗauki kofuna, aka ɗauki igiya da zobba, har daraktar ta bar kujerarta ta zo ta tsaya a kansa tana leƙe.

Da aka nuna shirin, shi da matarsa da Auta suka kalla a falo da yamma. Walƙiya yana murmushi yana zuba zance, sai hoto ya sauko kan hannuwa, ƙwallaye suna ɓacewa suna dawowa, 'yan kallo suna tafi. Auta ta tashi ta shige ɗaki. Shiru-Shiru bai ko lura ba, ya matso dab da talabijin. Bai taɓa ganin hannunsa daga waje ba. Ya ga kyawun aikin, ya kuma ga abin da ba wanda ya gani: a wurin juya kofi na tsakiya, yatsan ya makara kaɗan.

"Baban Auta," in ji matarsa, "gobe za mu asibiti. Ruwan ɗumi ba magani ba ne."

Likita ya sa ya buɗe hannu ya rufe, ya matsa nan ya matsa can, ya ce ciwon gaɓɓai ne. Magani zai rage wa ciwon saurin tafiya, amma ba zai mayar da shi baya ba. Shiru-Shiru ya tambayi tsawon lokacin da ya rage wa hannun. Likita ya ce wannan sai Allah, wani yakan daɗe, wani kuma a'a.

A bakin ƙofar asibitin, kafin su sami mota, ya kira Walƙiya, wanda dama ya aiko yana neman a ɗauki wani zangon. Ya ce zai zo, amma da sharaɗi. Bayan an gama nasu, a bar kyamarar a kunne, a ɗauki duk abin da tsohon ya koya masa da wanda ya ƙirƙiro da kansa, a hankali, ta gaba da ta baya, a ba shi ya ajiye don masu son koyo. Walƙiya ya ce wannan mai sauƙi ne, ya tambaye shi ko wata mai zuwa ya yi.

"A'a," in ji Shiru-Shiru. "A cikin satin nan."