Kiran Shanun Kawu Daudu

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da shagon Uwaisu a Batsari, don haka duk kiɗan da ya haɗa, ni nake fara shan wahalarsa. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a kan kujera yake, ƙafarsa rawa take yi. A Wagini aka haife shi, uwarsa Bafullatana, ubansa manomi. Ya yi cajin waya, ya yi tura waƙoƙi a memori, ya tafi Katsina ya koyi fiyano a wani situdiyo, suka ɓata da maigidan, ya wuce Kano, ya dawo da tsohuwar kwamfuta da sifika a cikin buhu.

Da waƙoƙin biki yake ci. Mawaƙi ya zo ya rera sunan amarya, shi kuma ya ɗora kiɗa. Amma abin da ya fi so shi ne yawo da waya yana ɗaukar sauti: luguden mata a Karare, kukan injin niƙa, har ƙarar keken ɗinkina ya ɗauka ko sallama babu. Sai ya zuba su a kwamfuta, ya yanka, ya ja, ya matse, har su zama kiɗa. Na sha ce masa wannan ba sana'a ba ce, neman magana ne.

Kiɗan da ya fito da sunansa kuwa daga bakin kawunsa ya samo shi. Daudu yayan uwarsa ne, makiyayi a wata ruga kusa da Runka, yana da wani dogon kira da yake yi wa shanunsa, ko suna bayan tudu sai sun juyo. Uwaisu ya ɗauki kiran, ya sirance muryar, ya ƙara mata sauri, ya zuba mata ganga. Kafin damina ta wuce babu bikin da ba a taka shi daga Batsari har Safana. Kiran na asali kuwa ya goge shi, wai kwamfuta ta cika. Ina tsaye ya yi, ko a jikinsa.

Bara ciwon ɓarin jiki ya kama Daudu, magana ta ɗauke. Matarsa Asta ce ke lallaɓa shanun kusa da gida. Ran nan da safe aka yi harbe-harbe a gefen rugar. Allah ya tsare mutane, amma shanun suka firgita suka nufi daji. Kafin azahar sai ga Asta ta sauko daga bayan a-kori-kura a ƙofar shagon Uwaisu, ƙafa duk ƙura.

"Uwaisu, an ce muryar kawunka na cikin injinka. Ka ba ni ita, ban da gangar. Ba su jin kowa sai shi."

"Inna, ai wadda ta rage mai gangar ce."

"Mi ka yi da tashi?"

Ban taɓa ganinsa ya ji kunya ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Ya hau kwamfuta yana gumi, ya cire gangar, ya rage saurin, ya kaurara muryar. Abin da ya fito kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Haka nan na rufe shago, muka ɗaure sifika da batir a babur ɗina, muka kama hanyar Runka, Asta ta biyo mu a mota.

Mun hango shanun a ƙetaren wani busasshen rafi, suna kiwo suna matsawa wajen itatuwan da yanzu ba mai shiga. Uwaisu ya kunna gyararriyar muryar. Ko kunne ba su kaɗa ba. Ya kunna ta bikin don rasa abin yi, sai ma na gefe suka ƙara gaba. Ni tsoro ya cika ni, na ce mu juya tun da sauran rana.

Sai ya kashe sifikar, ya sauka cikin yashi, ya kare baki da tafin hannu ya yi kiran da kansa. Na farko ya shaƙe, ya yi tari. Ya sake. Ashe yawan yanka muryar nan ya sa ya haddace ta, har inda tsohon ke jan numfashi. Wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ta ɗaga kai, ta tsaya, ta juyo. Sauran suka biyo ta, ban da wasu 'yan maruƙa da ba mu ƙara gani ba.

A ƙafa ya kai su ruga, yana gaba yana kira, ni ina tura babur a baya. Daudu na zaune a tabarma, leɓensa na motsi tare da kiran, hawaye na zuba. Asta ta duba shanun ɗaya bayan ɗaya, ta juyo.

"Sannu, ɗan nan. To, gobe da safe wa zai kira su?"

Uwaisu ya daɗe yana kallon sifikar da ke ɗaure a babur ɗina.

"Maigida, ka ajiye mani ita a wurinka," ya ce.

Ni kaɗai na koma Batsari.