Shida da Bakwai a Kumatun Sojan Ruwa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu mutanen garinmu suna ɗaukarsa maƙaryaci. Laifinsa guda: ya ce shi sojan ruwa ne. Bagobiri daga ƙasar Maraɗi, inda babban ruwanmu shi ne gulbin da jaki ke ƙetarawa da rani bai jiƙa kofato ba! Ya ce fatauci ya kai shi Dakar lokacin yaƙin duniya na biyu, Faransawa suka ɗauke shi aiki a ɗakin injin wani ƙaramin jirgin yaƙi, mai rakiyar manyan jiragen kaya kada Jamusawa su nutsar da su daga ƙarƙashin teku. Takardunsa kuwa gara ta cinye. In ya fara labarin sai a ƙyafta ido a ce, "To Baba, sai aka yi yaya?"

Da na zo Lyon aiki a wata masana'anta ta Saint-Fons, na taho da labarin. Na amsa, na ƙara masa gishiri. Igiyar ruwan da Baba ya ce ta kai tsawon kuka, a bakina ta wuce hasumiyar Paris har da ragowa.

Akwai wani Bazabarme abokin aikina, kun san tsakaninmu da su wasan taubashi ne. Wata Lahadi wurin shayi, ina cikin ba da labarin, ya katse ni.

"Kai Bagobiri, ubanka ya taɓa ganin kifi mai rai kuwa? Ƙarya dai gadon gidanku ce."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba a fushi da taubashi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni in an kira ni maƙaryaci, na ja wa kaina. Tsohon nan bai ja ba.

Na ji labarin wani ofishi a gefen Paris inda ake ajiye takardun sojan da, na ɗauki hutu na hau jirgin ƙasa. Wata dattijuwar Bafaranshiya ce ke kula da ɗakin. Na ba ta sunan Baba, ta bincika, babu. Sunan kakana, babu. Sunan garinmu, babu. Sunan jirgin kuwa ban sani ba, Baba "jirginmu" kawai yake cewa. Kwana biyu ina buɗe akwatunan jiragen rakiya, na shaƙi ƙurar da za ta gina masallaci.

Rana ta uku na tashi yi mata sallama, sai na ga ta ƙura mini ido. Na ce a raina, to, kyan nan nawa ya fara aiki.

"Ka yi haƙuri da tambaya," in ji ta. "Zanen fuskarka, layi nawa ne?"

"Shida nan, bakwai nan, Madam. Tsagar Gobir ce, ta gado."

"Mahaifinka ma haka?"

"Shi nasa ma ya fi nawa fitowa, daga Maraɗi ana hango shi a Yamai."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya da sauri, ta dawo da akwatin da na riga na duba jiya, ta zaro wani kati. Sunan da ke kansa ban san shi ba, shi ya sa na wuce shi. Amma a ƙasa, inda ake rubuta alamar jiki, wani magatakarda mai haƙuri ya zauna ya ƙirga: tsaga shida a kumatu guda, bakwai a ɗayan, yatsan hagu guntu. Yatsan da Baba ya ce injin jirgi ya cinye, mutanen gari suka ce lauje ne!

Wallahi ihun da na yi, masu karatu suka zubar da tabarau. Na kira tsohuwata a talho, ko gaisuwa ban gama ba na karanta mata sunan.

"Af," ta ce, "ai sunan mai masaukinsa ne na Dakar. Baƙo da sunan mai gidansa yake shiga gaban hukuma. Da ka tambaye ni."

Shekara hamsin, ba wanda ya tambaye ta.

Madam ta kawo mini tarihin jirgin kansa. Na zata zan iske ya nutsar da rabin jiragen Jamus, kamar yadda nake faɗa. Ko kusa. Ya raka, ya dawo, ya sake rakawa, cikin sanyi da hazo. Sau ɗaya ya tsaya ya tsamo mutanen wani jirgi da aka harba. Bayan yaƙi aka sayar da shi, aka yanka ƙarfensa. Daidai yadda Baba ya faɗa, bai ƙara ko ƙwayar gero ba. Ashe maƙaryacin gidanmu ni kaɗai ne.

Lahadi na shimfiɗa kofen katin kusa da butar shayi. Bazabarme ya sa tabarau ya karanta, ya kama haɓata ya ƙirga da yatsa, dama da hagu, har sau biyu.

"Kai dai ba ka tsira ba," in ji shi. "Amma tsohon nan na ci haƙƙinsa."

Ya ajiye kofinsa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, Fatiha ga sojan ruwa."

Muka shafa. Ranar ce kaɗai na ba da labarin jirgin ban ƙara komai ba, kuma ba wanda ya ƙyafta ido.