Wutar da Toktosun ya tarar

Toktosun mijin yayata ne, jezde nake ce masa kamar yadda muke kiran mijin ya. Dawakinsa a kan tsaunin bayan ƙauyenmu suke cin hunturu, suna tone dusar ƙanƙara da kofato su ci ciyawar ƙasa. Shi kuwa sai ya bi su a ƙafa, da gurasa da busasshen cuku a jaka, gemu duk ya daskare, yana ta murna kamar an ba shi sarauta.

A hanya akwai bukkar dutse marar mai ita. Tun kaka da kakanni, wanda ya kwana cikinta ba ya fita sai ya jera kandilo a murhu, ya ajiye ashana a kwalba, ya kife tukunya don kada ƙanƙara ta fasa ta. Na baya zai iso da yatsu a sandare, kyastawa ɗaya kawai zai iya. Jezde ya daɗe yana cewa shi kaɗai ya rage mai yin haka. Shi ya sa ko da gwiwoyinsa suka fara ƙara, ya ƙi zama, yana tsoron ran da wani zai tarar da murhu wayam.

Bara yayata Burul ta gaji, ta ce, "Raka tsohon nan, in ya ƙage ka jawo min shi."

Muna hawa yana tsayawa, wai kallon gari yake. Na ce, "Jezde, garin ne ke nishi haka?"

Ya ce, "Kai da aka goya jiya? Yi ta kanka, malalaci."

Da la'asar muka isa, ƙafata kamar ba tawa ba. Ya tura ƙofa, sai ya tsaya cak. Ga kandilo a jere, ga kwalbar ashana, ga tukunya a kife. Rabonsa da wurin tun lokacin kaka, kuma ashanar ba irin tasa ba ce.

Ya zagaya murhun yana taɓe baki. "Dubi jeri don Allah. Wannan ko ɗan wa ne, uwarsa ba ta koya masa komai ba."

Na ce, "To gyara mana."

Bai gyara ba. Ya kyasta sau ɗaya, ta kama. Muka dafa shayi da gishiri, ya miƙe ƙafafu yana ta kallon wutar. Ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na ranar ba, ni ma har raina na ji.

Da safe ya jera nasa kandilon a tsanake, muka gano dawakai lafiya lau, muka sauko. Burul na bakin ƙofa da faɗanta a shirye. Ya tuɓe takalman hawa ya miƙa mata.

Ya ce, "Baiwar Allah, rataye su. Akwai masu jera kandilo a kan tsaunin, ba ni kaɗai ba ne."